Tsarabar Baba Mai Inji

Ranar da na je yi wa Baba sallama, na ɗauka agogo zai ce in sayo masa, ko rigar sanyi, irin abin da dattawa kan roƙa in sun ji mutum zai je Turai. Sai ya zura hannu cikin aljihun rigar aikinsa, wadda tawada ta rine har asalin launinta ya ɓace, ya zaro wata 'yar baƙar roba mai kama da ƙaramin mazurari, bakinta bai fi murfin kwalbar lemo faɗi ba. Gefenta duk ya tsattsage kamar faso a dunduniya.

"Malam, ga saƙona. Irin wannan nake so, ko ashirin ce. Ai garinsu za ka."

Baba ba dangina ba ne na jini. Shi ke tuƙa injin wata maɗaba'a a Kano inda na saba kai aikina, kuma kowa a layin, har mai shagon, Baba yake ce masa. Injin da yake tsaye a kansa Kord 64 ne, ƙirar kamfanin Heidelberg na Jamus, kuma ya girmi duk yaran da ke koyon aiki a wurin. Robar da ya ba ni ita ce masu sana'ar ke kira soka. Jere suke a jikin wani sandan ƙarfe, su sauka bisa tulin takarda, su tsotsi falle ɗaya, su ɗaga shi, su miƙa shi gaba inda 'yan yatsun ƙarfe za su ja shi cikin inji. Shekaru na yi ina shiga shagon ban kula da su ba, don idon baƙo a maɗaba'a yana kan rololin tawada ne da wurin da aiki ke fitowa da launi.

Wani hunturu ne ya sa na san da zamansu. Littafina yana kan inji, mai talla yana jira, sai inji ya shiga ɗaukar biyu. Falle biyu su shiga manne da juna, na sama ya sha tawada, na ƙasa ya fita fari fat, ya ɓuya cikin tuli, sai an gama ɗinki mai saye ya buɗe ya tarar da shafuka takwas babu ko wasali. Kwana uku Baba yana fama, ni kuma ina zarya ina ƙunƙuni. Da na matsa masa, cewa ya yi: "Malam, bugu ba wuya. Ɗaukar takarda ce wuya." A lokacin na ɗauka uzurin mai sana'a ne kawai.

A watan Oktoba na sauka Frankfurt. Ɗan yayata, wanda ke karatun injiniya a Mannheim, shi ya tarbe ni, kuma shi ne bakina da kunnena duk tsawon tafiyar. Da na nuna masa robar a cikin jirgin ƙasa, ya yi dariya har wata tsohuwa ta waiwayo.

"Kawu, wannan ka tsallako teku da ita? Ai ta intanet ake yin odarta."

Na ce masa ya bari mu isa garinsu tukuna.

Wanda ya fito daga tashar jirgin ƙasa ta Heidelberg, abin da zai fara cin karo da shi doki ne na ƙarfe mai ƙafa uku, tsayinsa mita 13, a gaban wani dogon gini na gilashi da kamfanin injinan ɗab'in ya gina a 2000. Wani mai sassaƙa, Jürgen Goertz, shi ya ƙera shi. Ban ga kyansa ba, gaskiya. Dokin hawan daba da ya ji yunwa ya fi shi fasali. Amma ya tabbatar mini cewa na zo garin da sunansa ke rubuce a goshin injinan Kano da Kaduna da Shomolu ta Legas. Abin mamaki, asalin kamfanin ba a nan yake ba. A Frankenthal ya soma a 1850, hannun wani maƙerin ƙararrawa mai suna Andreas Hamm, sai a 1896 aka kawo shi Heidelberg. Babbar masana'antarsa kuma tun 1957 tana Wiesloch, kudu da garin kaɗan.

Tsohon garin na masu yawon buɗe ido ne: kogin Neckar, tsohuwar gadar jan dutse, kangon fada a bisa tudu, jami'ar da aka kafa a 1386. Mun zaga, mun ɗauki hoto, yayyafi ya kore mu. Ba shi na zo gani ba. Amma wannan yayyafin, da hazon ruwa da ke kwanciya kan kogin da safe, sun dawo mini a rai daga baya, domin ashe suna cikin labarin robar Baba.

Kwana biyu da zuwana ɗan yayata ya kai ni wani ƙaramin shago a wani ƙauye da ke bakin kogin, na wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin ɗab'i amma ya kasa rabuwa da shi. Katin biki yake bugawa da katin suna, a kan inji ɗaya tak, baƙi, mai sheƙi kamar an shafe shi da man shanu. Jamusawa na ce masa Tiegel. Turawan Ingila da Amurka sun laƙaba masa sunan injin niƙan da iska ke juyawa, saboda hannuwa biyu da ke wulwulawa a jikinsa kamar fanka: ɗaya na ɗauke da farar takarda zai kai ta wurin bugu, ɗaya na ɗauke da wadda aka buga zai ajiye. Na san shi sarai. A wajenmu da shi ake buga lambar rasit, a yanka kwali, a yi layin ninki. An fara nuna shi a 1914, aka soma ƙera shi jere-jere kamar mota a 1926, ba a daina ba sai 1985, bayan an fitar da kusan 165,000.

Dattijon ya karɓi robar Baba, ya murza ta tsakanin yatsu, ya kai ta hanci, ya girgiza kai. Ya ce ta bushe, ta daɗe da mutuwa. Sannan ya tambaya ko na san abin da ake yi kafin a ƙirƙiro ta.

Abin da ake yi shi ne mutum ya tsaya. A ranar 29 ga Nuwamba 1814 aka fara buga jaridar The Times ta Landan da injin tururi na wani Bajamushe, Friedrich Koenig, mai fitar da falle 1,100 a awa. Tururi na juya ganga, amma kowane falle hannun ɗan Adam ne ke ɗora shi. Haka aka ci gaba kusan ƙarni guda: inji na ƙara sauri, yara da mata na tsaye a gindinsa tun safe har dare, suna zare takarda ɗaya bayan ɗaya suna daidaita ta. A ƙananan injinan da ke buɗe baki su rufe kamar kada, wanda ya yi jinkirin janye hannu ya bar yatsunsa a ciki. Dattijon ya ce kalmar da suke kiran wannan ma'aikaci da ita, Anleger, ita ce har yau sunan sashen injin da ya gaje shi. Mutumin ya tafi, sunansa ya zauna a kan ƙarfe.

Dalilin da wannan aiki ya daɗe a hannun mutum ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa ƙirga sababbin kuɗi. Kana lasar yatsa, kana murzawa, kana ji a fatarka ko ɗaya ce ko biyu, ba tare da ka yi tunani ba. Kaurin falle ɗaya na takardar rubutu bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Wane yatsan ƙarfe ne zai shiga tsakanin wannan da na ƙarƙashinsa? An gwada tayoyin roba masu gogar takarda su tura ta gaba, irin waɗanda ke cikin injin hoto-kwafi na ofis har yanzu, amma gogayya na ɓata fuskar takarda mai sheƙi, tana goge tawadar da ba ta gama bushewa ba in za a sake bi da wani launi. Mafita ita ce a daina tura takarda, a ɗaga ta sama, kuma abin da zai ɗaga ta ya zama iska.

Ya tayar da injin a hankali don in gani. A gefensa akwai famfo mai sanda da ke shiga yana fita, tamkar zuga-zugin maƙeri, sai dai wannan aiki biyu yake yi: ya zuƙa ta wannan tiyo, ya hura ta wancan. Hurawar ce ke fara aiki. Iska na fitowa ta wasu ƙananan ƙofofi a gaban tulin, ta ratsa gefen takardun sama, sai ka ga guda biyar ko shida sun saki juna suna karkarwa kamar ganyen darbejiya. Sannan sandan soka ya sauko, ya sumbaci ta sama, ya ɗan karkata, ya tashi da ita. Wasu 'yan siraran ƙarafa masu lanƙwasa a bakin tulin su karce gefenta yayin da take wucewa, in akwai ta biyu da ta biyo ta su maido ta. Hannun fanka ya iso, ya cafke, a daidai wannan ƙiftawar tsotso ya yanke. Shhh, tak. Shhh, tak. In ya sake masa linzami zai yi haka kusan sau 5,000 a awa.

Karkatawar nan ce ta fi burge ni. Dattijon ya nuna mini makunnin da ake ƙara ta ko a rage. In takarda siririya ce, sai a karkatar da soka sosai, gefen fallen ya lanƙwashe. Ta ƙasa, da yake babu abin da ya riƙe ta, sai taurinta ya sa ta miƙe ta faɗi. In kwali ne mai kauri, ba ya son lanƙwasa, sai a bar sandan soka a miƙe, a saka masa roba don ta kama da kyau. Takarda marar nauyi kuwa cire robar yake yi gaba ɗaya, ya sa wasu 'yan murafu masu ƙananan huda, domin irin wannan takarda kamar rariya take: in tsotso ya yi ƙarfi sai ya ratsa ta ya kamo ta biyu, har ta uku. Kowace soka da famfonta. Wadda ta faɗo wajen faɗin takarda dole a rufe ta, in ba haka ba ta sha iskar banza ta kashe wa sauran ƙarfi. In kuma aka yi rashin sa'a soka ta taso ba takarda, iskar da ta kwararo cikin tiyo ita ce ke tsayar da injin da kansa.

Na ce wa ɗan yayata ya gaya masa muna da irin wannan a gida tun kafin Bature ya zo. Wanzami in zai yi ƙaho, yakan kifa ƙahon a bayan mutum, ya zuƙe iskar ciki ta tsinin, ya toshe hudar, sai ƙaho ya manne, fata ta kumburo ciki. Dattijon ya yi murna da wannan misali, ya ce su ma kakanninsu sun yi da kofunan gilashi. Amma ɗan yayata, da yake ɗan boko ne, bai bari maganar ta wuce haka ba.

"Kawu, ka san fa ba ƙahon ke jan fata ba. Iskar waje ce ke danna shi."

Ya zauna ya warware mini, dattijo na gyaɗa kai kamar yana jin Hausa. Iskar da muke ciki tana da nauyi: kowane murabba'in santimita na jikinmu yana ɗauke da kusan kilo 1 nata, ba ma ji ne don ta kowane gefe take dannawa. In ka rage iskar da ke cikin soka, ta ƙarƙashin takarda ba ta da mai ja da ita, sai ta tura takardar sama ta manna ta a bakin roba. Wanda ya nuna wa duniya wannan a fili magajin garin Magdeburg ne, Otto von Guericke, a shekarun 1650. Ya haɗa ƙoren tagulla biyu baki da baki, ya zuƙe iskar ciki da famfon da ya ƙera, aka ɗaura dawakai 8 ta nan, 8 ta can, suka yi ta ja da kyar da jiɓin goshi. Da aka buɗe famfo iska ta shiga, ƙoren suka rabu da kansu. Suna nan ajiye a gidan tarihin kimiyya na Munich.

A bayan wani katin biki da ya lalace muka yi lissafi. Bakin soka mai faɗin santimita 3 yana da fili kusan murabba'in santimita 7. In an zuƙe rabin iskar ciki kawai, zai iya riƙe sama da kilo 3. Fallen da ya cika Kord 64, santimita 46 a 64, in takardar giram 80 ce, nauyinsa bai kai giram 24 ba. Wato soka ɗaya tana da ƙarfin ɗaga irinsa fiye da ɗari. A nan na gane maganar Baba. Ƙarfi ba shi ne abin nema ba, ya ma yi yawa. Abin nema shi ne a sa iska ta shiga ƙarƙashin falle ɗaya tak, a lokacin da ake so, a kuma sake shi a lokacin da ake so. In iska ba ta shiga tsakanin ta sama da ta biyu ba, to iskar da ke ƙarƙashin ta biyun ce za ta tura su duka, su tashi tare. Shi ya sa hurawa ta riga tsotsa, shi ya sa kuma kowane mai inji, daga Kano har Neckar, sai ya kama takarda ya lanƙwasa ta, ya karkaɗa, ya shigar mata da iska kafin ya loda.

Washegari muka je wata babbar maɗaba'a ta zamani kusa da Mannheim, inda wani abokin karatun ɗan yayata ke aikin hutu. A hanya jirgi ya bi da mu kusa da Wiesloch muka dawo, don na nace sai na hango masana'antar ko daga nesa. Garin yana alfahari da wani abu dabam ma: a wani kantin magani na cikinsa Bertha Benz ta tsaya ta sayi man da ta zuba wa motar mijinta a 1888, shi ya sa suke kiransa gidan mai na farko a duniya.

Injin da na gani a maɗaba'ar Speedmaster ne, dogo kamar tirela, ana hawa matakala kafin a kai ga rololinsa. Yana cin falle 18,000 a awa. Biyar ke nan a daƙiƙa ɗaya. Rim guda mai falle 500 bai kai minti biyu ba ya ƙare. Na bar masu rakiyata suna kallon allon kwamfuta, na koma baya wurin da ake loda takarda, na tsuguna.

A nan dabarar ta sauya. Kord da ƙaninsa GTO, wanda ya fito a 1972, ta gaba suke ɗaukar takarda, kuma sai falle ya gama ficewa kafin soka ta samu fuskar na biye. Da irin wannan jira ba za a kai biyar a daƙiƙa ba. Saboda haka a manyan injina kan tsotson yana rataye ne a bayan tulin. Ayyukan da sanda ɗaya ke yi a shagon dattijo an raba su. Bututu na hura gefen baya. Soka biyu masu ɗagawa su sauko su ɗaga bayan fallen. Wata ƙafar ƙarfe ta shigo ƙarƙashinsa ta take sauran tulin, ta kuma feso iska ta cikinta, sai fallen ya tashi tun daga baya har gaba yana shawagi a kan iska. Wasu soka biyu masu kaiwa su karɓe shi su tura shi gaba zuwa tayoyi. Ƙafar nan kuma ita ce ke auna tsayin tulin: in ya ragu ta ba da labari, sarƙoƙi su ɗaga shi kaɗan. Duk wannan wani bawul mai juyawa ne ke tsara shi, yana buɗe wa wannan iska yana rufe wa wancan, cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa.

Da yake ta baya ake ɗagawa, falle na biyu yana shiga ƙarƙashin na farko tun na farkon bai gama tafiya ba. Sai su gangaro kan tebur a jere, wani kan wani, kamar ciyawar jinka. Jamusawa da ɓawon kifi suke kwatanta shi. Amfaninsa shi ne kowane falle tafiya kaɗan zai yi kafin ya kai layi, don haka a natse yake isowa, ya dafa ƙarafan gaba, a ja shi gefe a daidaita, sannan yatsu su fizge shi. Teburin ma bel ne mai huda-huda da ake zuƙar iska ta ƙarƙashinsa, yana riƙe da takardun kada su goce. Kafin su shiga kuma akwai mai gadi: wata na'ura na aika sautin da kunne ba ya ji ya ratsa takarda, in falle biyu ne, 'yar iskar da ke tsakaninsu ta dushe sautin, nan take a tsayar da lodi. A Kord ɗin Baba, mai gadin wata 'yar taya ce da ake saita ta da kaurin takarda, sai kuma idon yaron da aka tsayar a wurin.

Famfunan iskar babban injin suna cikin akwatuna a gefe, suna gurnani. Irin da aka fi sani a ƙananan maɗaba'u, wanda mutanenmu ke kira kwamfureso, ganga ce da wani dunƙulen ƙarfe ke juyawa a cikinta ba a tsakiya ba. A jikinsa akwai tsage-tsage da aka zura allunan gawayin fensir. In ya juya sai su fito su shafi bangon gangar, ɗakunan da ke tsakaninsu su yi ta faɗi suna tsukewa. Inda ɗaki ke faɗi, nan ake zuƙa. Inda yake tsukewa, nan ake hurawa. Ba a zuba masa mai a ciki, don kada ɗigo ɗaya ya biyo iska ya ɓata takarda. Kamfanin Becker na Wuppertal, wanda ke nan tun 1885, yana cikin waɗanda sunansu ya yi fice a kan irinsa. Babban maƙiyinsa ƙura. Na tuna yadda hazo ke shiga shagon Baba har ya kwanta kan gira, na ji tausayin allunan gawayin nan.

Ina tsugune sai na ji wani sanyi-sanyi a wuyana. Na ɗaga kai, sai ga wasu bututu a rufin ɗakin suna fesa ruwa siriri kamar hayaƙi. A ƙasar da yayyafi ya hana mu yawo! Shugaban aikin ya ce in sanyi ya shigo aka kunna na'urar ɗumama ɗaki, iskar ciki kan bushe, su kuma ba sa barin laimar ɗakin ta yi nisa da kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari. Takarda ma in an kawo ta, a naɗe take kwana a ɗakin har jikinta ya yi daidai da nasa kafin a kwance ta. Na tambaye shi me zai faru in laima ta sauka ƙasa da kashi 20, kamar yadda take yi mana a tsakiyar hunturu. Ya dube ni kamar na ce a yi bugu a cikin tanda.

Abin da ke faruwa na riga na sani, suna ne kawai ban da shi. In iska ta bushe, gogayyar takarda da takarda na tara wutar nan da ke tartsatsi in ka cire rigar leda cikin duhu, wadda yara ke goga biro a gashi su ɗauki guntun takarda da ita. Laima ce ke zubar da ita. In babu laima sai ta zauna, falle ya manne da falle, iskar bututu ta kasa raba su. Ga kuma tafiyar da takardarmu ke yi. Masana'antun Jebba da Oku Iboku da Iwopin ba su ɗauke mana buƙata ba, yawancinta ta jirgin ruwa take zuwa, ta sha laimar Legas, a ɗora ta a mota zuwa Arewa. In an kwance ta a hunturu, gefe ya riga tsakiya bushewa ya tsuke, tulin ya yi ƙundu kamar faifai. Da damina kuma gefen ne ke shan ruwa ya yi ta igiya. Ko ta wace hanya, soka ta sauko ba ta tarar da shimfiɗaɗɗiyar fuska ba. In kuma robar kanta zafi ya busar da ita ta tsage, iska na sata ta gefe, sai mai inji ya ƙara tsotso don ya cike giɓin, ƙarin tsotson kuma ya jawo ɗaukar biyu.

Na fita daga wurin da wani tunani da ban zo da shi ba. Bajamushe ya ƙera inji, sannan ya ƙera masa ɗakin da zai zauna, da iskar da zai shaƙa. Mu injin kaɗai ya iso mana, bayan ya gama aikinsa a can, ɗakin da iskar suka tsaya a bakin Neckar. Abin da bututun rufi da na'urar sauti ke yi a nan, Baba ne ke yin sa a Kano da yatsa da kunne: ya cusa guntun kwali ƙarƙashin tuli don ya tashi gefen da ya kwanta, ya liƙe rabin bakin soka da salatif, ya ji sautin famfo ya ce tace ta toshe tun kafin a buɗe. Na daɗe ina kallon waɗannan a matsayin kame-kamen talaka. Ban ce sun fi ɗaki mai laima ba, kuma da Baba zai samu ɗakin da gudu zai karɓa. Amma ban ga wani a wannan babbar maɗaba'a da zan iya rantsuwa zai fitar da littafi a shagon Baba cikin Janairu ba.

Robar kuwa ɗan yayata ne ya yi gaskiya. Babu wani kanti a Heidelberg da za ka shiga ka ce a auna maka soka. Ta intanet ya yi oda, bayan ya auna tsohuwar da ma'auni, kwana uku aka kawo ƙunshi guda mai hamsin a ambulan. Da muka koma yi wa dattijo sallama, ya buɗe wata tsohuwar gwangwanin taba ya ƙara mini shida daga nasa, masu laushi kamar kunnen jariri, ya ce a gaya wa abokin sana'arsa ya ɓoye su daga rana da kananzir.

Na iso Kano hunturu ya fara kaɗawa. Na tarar da Baba a tsugune bayan inji yana busa tace da bakinsa.

"Malam, an dawo lafiya? Ya mutanen can?"

Na miƙa masa ambulan da 'yan shidan a ƙulle cikin hankici. Bai ƙirga ba. Ya ɗauki ɗaya ya manna a tafin hannunsa, ya danna, ya juya hannun ƙasa, ta zauna. Na fara ba shi labarin magajin garin Magdeburg da dawakansa, da yadda ashe ba tsotsa ake yi ba, iska ce ke dannawa. Ya saurare ni har na gama, yana zare tsofaffin robobi yana sa sababbi.

"To, Malam, ko ma wa ke dannawa, ɗaya nake so ta ɗauka."

Ya kira yaro ya ce ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya jiƙa buhu ya rataya a taga. Ya ɗebo takarda kamar kaurin tafin hannu, ya lanƙwasa ta, ya sake ta ta yi fuuu, ya buga gefenta a tebur, ya loda. Kalandar wata makarantar Islamiyya ce ke kan inji, ana son ta kafin sabuwar shekara. Ya murɗa famfon soka biyu na gefe ya rufe, ya rage tsotso kaɗan, ya kara kunne, ya ja hannun inji. Falle na farko ya tashi shi kaɗai. Baba bai dube ni ba. Idonsa na kan na biyu.